Filin Tambaya da Amsa: Nune-nunen Shekara a Gidan Tarihi da Zane-zane na Ƙasa

Yawancin wasiƙun da suka iso wannan fili a watan nan sun karkata ga batu guda, wato jadawalin nune-nunen da gidajen zane-zane da gidajen tarihi na ƙasa suke shiryawa daga farkon shekara zuwa ƙarshenta. Mun zaɓi shida daga ciki, mun taƙaita su, ga kuma amsoshinsu gwargwadon iko.

Tambaya daga wata malamar firamare a Tawa: Na ji a rediyo cewa a wasu ƙasashe gidan zane-zane na ƙasa yakan fitar da jadawalin shekara guda, ya ce daga wata kaza zuwa wata kaza za a nuna hotuna, bayansu tufafi, bayansu sassaƙa. Ni kuwa a sanina gidan tarihi wuri ne da ake ajiye abu ya zauna har abada. Mene ne amfanin wannan sauye-sauye?

Amsa: Malama, sannu da ƙoƙari, Allah ya saka miki da alheri bisa tarbiyyar ƴaƴanmu. Abin da kika sani daidai ne, sai dai rabin aikin ke nan. Kowane gida irin wannan yana da nuni iri biyu. Akwai na dindindin, wanda idan kika je bana kika koma bayan shekara goma za ki tarar da shi a inda kika bar shi, akwai kuma na ɗan lokaci, wanda ake shiryawa a kan batu guda, ya yi wata biyu ko uku, sannan a kwashe shi a kawo wani. Jerin waɗannan na ɗan lokaci shi ne jadawalin da kika ji ana magana. Haka ake yi a gidan zane-zane na ƙasar Ingila da ke Landan, wanda aka kafa a 1824, inda shiga ganin kayan dindindin kyauta ne amma manyan nune-nunen ɗan lokaci sai da tikiti, haka kuma ake yi a zauren zane-zane na ƙasar Senegal da ke Dakar, wanda aka buɗe a 1983.

Mu a nan Nijar, gidan da ya ɗauki wannan nauyi shi ne Gidan Tarihi na Ƙasa na Boubou Hama da ke Yamai, wanda kowa yake kira Muze. An buɗe shi a 1959, tun kafin ƙasa ta sami ƴancin kai, da ƙoƙarin marigayi Boubou Hama da kuma Pablo Toucet, shugabansa na farko. Duk wanda ya taɓa kai yara can ya san kayansa na dindindin: ƙasusuwan manyan dabbobin zamanin da waɗanda aka haƙo a Gadufawa cikin jihar Agadas, masu shekaru fiye da miliyan 100, da zauren tufafin ƙabilunmu, da na kayan kiɗa, da na yuraniyom, da gidajen gargajiya da aka gina a fili, da kuma itaciyar Tenere, wadda ta daɗe tana tsaye ita kaɗai a tsakiyar hamada tana zama alama ga ayarin azalai, har wata mota ta kayar da ita a 1973 aka ɗauko gangar jikinta aka kawo Yamai. Waɗannan bai kamata su motsa ba, domin su ne ake zuwa gani daga nesa.

To me ya sa ba za a tsaya a nan ba? Dalili na farko shi ne wuri. Babu gidan tarihin da zaurukansa za su iya ɗaukar duk abin da ya mallaka, don haka kaso mai yawa yana cikin ɗakin ajiya, a kan kantoci da cikin akwatuna, kuma idan ba a riƙa fito da su bi da bi ba, mutum zai tsufa ya mutu bai taɓa ganin dukiyar da aka ce tasa ce a matsayinsa na ɗan ƙasa ba.

Dalili na biyu shi ne wanda mutane ba su cika sani ba, kuma shi na fi so ki riƙe. Nuna abu yana cinye shi. Ki ɗauki tsohuwar babbar riga mai aska takwas wadda aka rina da baba aka buga mata shuni. Idan aka rataye ta a zaure shekara da shekaru, haske yana bugun ƙirjinta kullum, ranar da aka sauke ta aka buɗe ninkin da ke kafaɗa za a ga cikin ninkin yana nan baƙi wuluk yana sheƙi kamar ranar da ta fito daga marina, gaban kuwa ya koɗe ya yi fari-fari, zaren ɗinkin ya yi rauni har yatsa yana iya tsinka shi. Wannan ɓarna ba ta gyaruwa, kuma taruwa take yi, hasken yau yana hawa kan na jiya. Saboda haka ne masana adana kayan tarihi suka sa ƙa'ida cewa tufafi da takarda da zanen ruwa kada hasken da ke kansu ya wuce lukis 50 a ma'aunin haske, wato ɗan haske mai dishi-dishi, kuma gidaje da yawa ba sa barin irin waɗannan kaya a fili fiye da kamar wata uku, sai a mayar da su cikin duhu su huta na dogon lokaci. A ƙasa irin tamu ana ƙara wasu abokan gaba a kan haske: ƙurar hunturu da take kwanciya a kan zane, idan aka goge ta da tsumma sai ta kankare launi, da zafin bazara da yake busar da fata har jakar baduku ta tsattsage, da laimar damina da take kawo fumfuna, da gara da asu. Ashe ke nan sauyin da kika ji wata hanya ce ta tsawaita ran kayan, ta yadda jikokin ɗalibanki za su same su.

Dalili na uku ya shafi mai kallo. Wanda ya je sau ɗaya ya ga kome, me zai mayar da shi? Amma idan ya san cewa a watan Nuwamba akwai tsofaffin hotunan Yamai, a watan Fabrairu akwai tukwanen Mirya da na Bubon, a watan Mayu akwai aikin matasa masu zane, to gidan ya zama wurin da ake komawa, kuma ke malama kina iya duba jadawalin tun farkon shekarar karatu ki ɗora darasinki a kansa.

Tambaya daga wani ɗalibin tarihi a Jami'ar Abdou Moumouni, Yamai: Wa yake zaɓar abin da za a nuna, kuma yaya ake jera shi a cikin shekara? Shin wata guda ya isa a shirya nuni?

Amsa: Ɗana, wata guda ba ya isa ko da buga takardun bayani. Babban nuni, musamman wanda za a aro kaya daga wata ƙasa, yakan ɗauki shekara biyu ko uku ana shirinsa. Shugaban gidan da masu tsara nuni su ne suke zama su auna shawarwarin da ke gabansu da kuɗin da ke hannu. Mai tsara nuni shi ne wanda yake zaɓar batu, ya bincika, ya fitar da jerin kayan da yake buƙata, ya yanke shawarar wane abu zai tsaya kusa da wane, sannan ya rubuta bayanin da za a liƙa a bango. Jadawali mai kyau yakan haɗa babban nuni ɗaya ko biyu da ƙanana da dama, ya haɗa aikin magabata da na masu rai, na gida da na baƙi, domin kada shekara ta ƙare wani rukuni na jama'a bai ga abin da ya shafe shi ba.

Aro shi ne mafi wahala. Kafin kaya su bar gidan mai su, ana rubuta takardar yanayinsu, a ɗauki hoton kowace tsaga da kowane tabo, ɓangarorin biyu su sa hannu. Ana yi wa kowane abu akwatinsa daidai jikinsa da soso a ciki, ana biyan inshora tun daga lokacin da aka ɗaga shi daga mazauninsa har ranar da ya koma, sau da yawa kuma ma'aikacin gidan da ya ba da aro yakan rako shi. Idan akwatin ya iso ba a buɗe shi nan take, sai ya kwana a ɗakin domin abin da ke ciki ya saba da iskar wurin, tunda itace da fata suna kumbura suna motsewa idan laima ta sauya farat ɗaya. Da safe a buɗe, a sake duba shi da waccan takarda a hannu, tsaga bayan tsaga. Gidan da ba shi da wutar lantarki mai ɗorewa da tsaro da ɗaki mai daidaitaccen yanayi, da wuya a ba shi aron abu mai daraja, kuma wannan ne ya sa gyaran ɗakin ajiya da na zaure yake gaba da kowane jadawali.

Tunda tarihi kake karantawa, ga misalin da ya shafe mu. A 1975 aka gano makabartar Bura a yankin Tera, a 1983 kuma marigayi Boubé Gado na cibiyar binciken kimiyyar ɗan Adam ta jami'arku ya jagoranci haƙa a wurin, aka fito da tuluna da kawunan yumɓu da shahararren mahayin dokin nan na Bura. Waɗannan kaya sun shiga babban nunin kwarurrukan kogin Kwara, wanda aka buɗe a Paris a 1993, daga baya ya zagaya biranen Afirka ta Yamma, ciki har da Bamako da Wagadugu da Legas da Yamai. Nunin ya sa duniya ta san cewa a gaɓar koginmu an yi mutane masu fasaha tun ƙarnuka da dama da suka wuce. Amma ya kuma buɗe idon dillalan kayan tarihi, aka afka wa wuraren da haƙar sata, har ta kai majalisar gidajen tarihi ta duniya ta sa yumɓun Bura cikin jerin kayan Afirka da ke cikin haɗari a shekarar 2000. Nijar ta yi dokar kare kayan gado a 1997. Abin da nake so ka ɗauka a nan shi ne mai tsara nuni yana da alhakin abin da zai biyo bayan nuninsa, kuma ya kamata tun yana shiri ya yi magana da hakimai da masu gari da jami'an kwastan na yankin da kayan suka fito.

Game da jeri a cikin shekara, a ganina yanayinmu ne ya kamata ya yi jagora. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu makarantu suna buɗe, gari da sanyi, nan ne wurin babban nuni, ga kuma ranar 18 ga Disamba ta Jamhuriya a tsakiya. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Yamai yake haura digiri 40, ya fi dacewa a fito da ƙarfe da dutse da yumɓu waɗanda zafi bai cika damunsu ba, a kuma tsawaita buɗewa zuwa bayan magariba, tare da tuna cewa 18 ga Mayu ita ce ranar gidajen tarihi ta duniya. Damina kuwa lokaci ne na ƙidayar kayan ajiya da toshe yoyo.

Tambaya daga wani dattijo, Alhaji, a Tawa: Jikokina suna matsa mini in kai su kallon irin waɗannan wurare idan mun je Yamai, ni kuma ina jin nauyin abin saboda gumaka da hotunan masu rai. Shin duk abin da ake nunawa ke nan?

Amsa: Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma da lafiya. Hukuncin siffanta mai rai magana ce ta malamai, su ne za ku tuntuɓa a kanta, wannan fili ba zai shiga gonarsu ba. Abin da zan iya gaya muku shi ne faɗin abin da ake kira fasaha ya wuce sassaƙa da hoton fuska nesa ba kusa ba, kuma mafi yawan abin da ƙasarmu ta gada ba shi da siffar mai rai ko kaɗan.

Ku tuna allon zayyana da ake yi wa almajiri ranar saukarsa, yadda mai zayyana yake raba fuskar allon gida-gida, ya cika kowane gida da ja da rawaya da kore da baƙin tawada, ba tare da ya auna da wani abu ba sai ido da alƙalamin gamba. Ku tuna gafakar Alƙur'ani da baduku ya yi wa ado, da zanen bangon gidajen unguwar Birni a Damagaram da daginsu, da hasumiyar masallacin Agadas mai tsawon mita 27 wadda aka gina da laka, a tsohon garin da hukumar UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya a 2013. A jami'ar Yamai akwai sashen rubuce-rubucen hannu na Larabci da ajami, wanda tushensa littattafan da Boubou Hama ya tara ne, yana riƙe da dubban littattafai na fiƙihu da tarihi da waƙoƙin wa'azi, wasu da Hausa, wasu da Fulatanci. Duk waɗannan kayan nuni ne na haƙiƙa, kuma ni ina ganin watan azumi ya cancanci a keɓe masa nunin zayyana da rubutun hannu kowace shekara.

Amfanin jadawalin da aka buga tun da wuri ga magidanci irinku shi ne ya san abin da ke cikin zaure kafin ya ɗauki iyalinsa, ya zaɓi lokacin da zuciyarsa ta natsu da shi. A Muze ma zaurukan a rarrabe suke, kowane da ƙofarsa, kuna iya shiga na tufafi da na gidajen gargajiya, ku kai yara su ga dabbobi, ku wuce wanda ba ku so.

Tambaya daga wani baduku a ƙauyen masu sana'ar hannu na Wadata, Yamai: Shekaru da yawa ina dukanci, ina kai kayana bukukuwan baje koli ina sayarwa. Mene ne bambancin wannan da nunin da kuke magana, kuma ta wace hanya aikina zai shiga?

Amsa: Malam, Allah ya yi wa sana'a albarka. Baje kolin ciniki, irin SAFEM da ake yi a Yamai domin sana'o'in mata, ko SIAO na Wagadugu da aka fara a 1988, wuri ne da kake kama rumfa ka jera kaya da yawa, wanda ya taya ka sallama. A nuni kuwa wani ne yake zaɓa, kuma yana iya ɗaukar abu uku kawai daga cikin aikinka na shekara ashirin, ya ajiye su kusa da aikin wani baduku na Damagaram da ya rasu tuntuni, domin mai kallo ya ga inda hannu ya bi sawun magabata da inda ya fitar da tasa hanya. Ribar ranar ba ta kai ta rumfa ba, amma sunan da mutum yake samu a nan yana bin sa har ƙarshen rayuwa, kuma yana ɗaga darajar abin da zai sayar gobe.

Hanyar shiga ita ce ka tanadi kundin aikinka. Ka ɗauki hoton kowane abu mai kyau da ka yi, a kan farin ƙyalle, da hasken safe, ka rubuta shekarar da ka yi shi da girmansa da irin fatar da irin rinin, ko jan karan dafi ne ko baƙin kuloko, ka faɗi wurin wanda ka koya. Ka kai wannan kundi ga masu tsara nuni a Muze, inda tun shekarun farko ake da masu sana'ar hannu suna aiki a idon baƙi, da kuma cibiyar al'adu ta Oumarou Ganda. Ka daina sayar da mafi kyawun aikinka duka, ka riƙa ajiye ɗaya a kowace shekara, domin mai tsara nuni ba zai iya nuna jakar da ta tafi Turai a hannun ɗan yawon buɗe ido ba. Idan aka karɓi kayanka, kada ka miƙa su sai da takarda mai sa hannu, wadda ta faɗi adadinsu da ƙimarsu da ranar mayarwa da wanda zai biya idan wani abu ya lalace, da kuma kason gidan idan an yarda a sayar.

Akwai abu guda da nake roƙon ka tsaya a kansa. A gidajen tarihi da yawa na duniya, idan zanen fenti ne sai a rubuta sunan mai shi da shekarar haihuwarsa, idan kuwa jaka ce ko sirdi ko ƙwarya sai a rubuta sunan ƙabila kawai, kamar dai ƙabilar ce ta zauna ta riƙe basilla. Wannan rashin adalci ne ga masu sana'a. Yadda ake rubuta sunan Rissa Ixa a ƙarƙashin zanensa na rayuwar Abzinawa, ko na marigayi Philippe Koudjina a ƙarƙashin hotunan da ya ɗauka na Yamai a shekarun 1960 da 1970, haka ya kamata a rubuta naka a ƙarƙashin jakarka, kuma ka sa wannan sharaɗi cikin takardar.

Tambaya daga wata ɗalibar sakandare a Yamai: Me ya sa a wasu nune-nunen ake hana ɗaukar hoto da waya, kuma ake hana taɓa kaya?

Amsa: Ƴata, hana hoto yawanci sharaɗin wanda ya ba da aro ne, ko kuma haƙƙin mai zanen da yake raye, wanda ba ya so a buga aikinsa a sayar ba da izninsa ba. Walƙiyar waya kuma tana damun sauran masu kallo. Ki tambayi mai gadin zauren kafin ki ɗaga wayarki. Taɓawa kuwa ta fi hoto illa, domin a fatar hannu akwai gumi da maiƙo da gishiri, suna sa azurfa ta yi baƙi, suna barin tabo a takarda da fata, kuma hannun mutum dubu a wuri ɗaya yana side ko da dutse ne.

Tambaya daga wani tsohon ma'aikacin gwamnati da ya yi ritaya a Tawa: Kome na ƙasa sai a ce Yamai. Daga nan zuwa can fiye da kilomita 500 ne. Yaron Bouza ko na Keita yaushe zai ga waɗannan abubuwa?

Amsa: Malam, Allah ya sa a gama lafiya. Wannan tambaya ita ce ta fi ci mini rai a duk wasiƙun, domin gidan da aka kira na ƙasa, kuɗin ɗan Keita yana cikinsa kamar yadda na ɗan Yamai yake. Kuma mun riga mun san yadda ake yi. Kokowar gargajiya ta neman takobi, wadda aka fara a nan Tawa a 1975, tana zagaya jihohi takwas ɗaya bayan ɗaya, kowace jiha ta san cewa juyinta yana tafe, ta shirya filinta. Jadawalin nune-nunen ƙasa ma ya kamata ya kasance da aƙalla nuni guda a kowace shekara wanda tun ranar da aka fara tsara shi an yi shi ne domin tafiya.

Gaskiya ne ba kome ke iya tafiya ba. Mahayin dokin Bura da tsofaffin littattafai ba za su jure girgizar hanya da zauren da ba shi da tsaro ba. Amma hotunan da aka sake bugawa suna tafiya a cikin akwati guda, allunan bayani suna naɗuwa, kuma ana iya yin kwafin abu mai nauyi. Raƙuman dawa na Dabus, waɗanda magabata suka zana a jikin dutse a arewacin Agadas, babban cikinsu ya haura mita 5, an ɗauki gurbinsu a 1999 aka zuba kwafi da sanholo, ɗaya yana filin jirgin saman Agadas. Idan an iya yi wa dutse haka, ana iya yi wa kan tsohon kadan Gadufawa, a ɗora shi a mota a kai wa yaran Adar su tsaya kusa da shi su gwada tsawonsu, domin gani ya kori ji. Zauren gidan matasa da al'adu, ko na jami'ar Tawa, ya ishi irin wannan nuni na mako uku.

Tafiyar kuma ya kamata ta zama ta zuwa da dawowa, domin jihar Tawa tana da abin da za ta cika zaure da shi a Yamai. Masallacin Yama, wanda magini Falké Barmou ya fara a 1962 da laka, ya kuma ci gaba da ƙawata shi har ya sami lambar yabon gine-gine ta Aga Khan a 1986, ya isa nuni guda na hotuna da taswira da kayan aikin magina. A Dandaji an mayar da tsohon masallaci ɗakin karatu, aka gina sabo kusa da shi da tubalin ƙasa bisa tsarin Mariam Kamara da Yasaman Esmaili, aikin da aka kammala a 2018. Marigayi Moustapha Alassane, ɗaya daga cikin waɗanda suka fara fim ɗin zane mai motsi a Afirka, a Tawa ya zauna yana aikinsa shekaru masu yawa kafin rasuwarsa a 2015, kuma zane-zanensa da ƴan tsanar da yake motsawa a gaban kyamara kayan nuni ne da yara za su yi tururuwa su gani. Ga kuma maƙeran azurfa na Azawak da sakandaminsu, wato abin wuyan nan mai siffar gicciye, har da samfurin da ake kira na Tawa.

Sai maganar harshe, wadda idan ba a gyara ta ba, ko an kawo kayan har ƙofar gida an yi rabin aiki. Tun da kundin sake gina ƙasa na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, babu hujjar da za ta sa a kawo nuni Tawa bayaninsa duka da Faransanci. A rubuta shi da Hausa a boko da ajami, a ƙara Tamashek da Fulatanci inda masu jin su suke da yawa, a kuma horar da matasan gari su riƙa yi wa waɗanda ba sa karatu bayani da baki.

Abin da zan ba ku shawara, ku da ƴan uwanku dattawan gari da shugabannin makarantu, shi ne ku rubuta buƙata a hukumance zuwa ofishin al'adu na jiha da majalisar gari, da kwafi zuwa ga shugaban Gidan Tarihi na Ƙasa, tun kafin a rufe kasafin kuɗin shekara mai zuwa. Ku ambaci zauren da kuka tanada da girmansa, da wanda zai yi gadinsa dare da rana, da watan da kuke so, wanda ya fi kyau ya faɗo tsakanin Nuwamba da Fabrairu, da adadin makarantun da suka yi alkawarin kawo ɗalibai.